Tarin da Ke Dawowa Duk Kaka: Shawarwari ga Gidajen Manoma a Kan Funfuna

A ƙauyukanmu akwai wani tari da kowa ya san lokacin zuwansa. Yakan sauka a ƙarshen Agusta, bayan marka ta jiƙa katanga har ciki, ya ɗan lafa, sannan ya dawo da ƙarfinsa ranar da aka fara sussukar gero ko aka buɗe rumbun bara. Atishawa a jere, hanci na zuba, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, wani kuma ƙirjinsa ya kwana yana ƙara kamar kukan 'yar kyanwa. Sai a ce sanyi ne ya shige shi, a hana shi ruwan randa, a sayo masa maganin mura a kemis. Baɗi war haka a sake maimaitawa.

Sau da yawa mai laifin funfuna ce. Abu ne mai rai, yana tsirowa duk inda danshi da ɗumi suka haɗu da abin ci: hatsi, harawa, jinka, katifa, takin dabbobi. Idan ta nuna sai ta saki wata ƙura mai laushi, wadda ita ce irinta. Ƙwayar irin funfunar da masana ke kira Aspergillus ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta fiye da sau ashirin, shi ya sa take wuce hanci da maƙogwaro ta isa can ƙasan huhu. Kowa yana shaƙar ta kullum, kuma yawancin mutane ba ta yi musu komai. Amma akwai waɗanda jikinsu ke ɗaukar ta a matsayin abokiyar gaba, ya tayar da bori: hanyoyin numfashi su kumbura, su cika da majina, su tsuke. Wannan hali yakan bi jini, don haka gidan da ke da mai asma ko mai yawan atishawa ya fi kowa buƙatar abin da ke tafe.

1. Ku fara da lura da lokaci da wuri. Mura ta gaskiya takan zaga gida, ta kama wannan ta kama wancan, ta wuce cikin mako guda ko kwana goma. Borin funfuna mutum ɗaya yake bi, ko biyu, kuma yana da wurin da yake tashi. Maigida ya tambayi kansa: yaron nan, a ina yake fara tarin? A ɗakin da buhuna suke? Bayan ya zuba wa awaki harawa? Yana samun sauƙi idan ya kwana biyu a gidan kakarsa? Akwai magidanta da ke lafiya garau duk tsawon ci-rani a birni, da sun dawo gida aikin damina ƙirji ya riƙe. Wannan kaɗai babbar shaida ce. Wanda ya iya rubutu ya riƙa rubuta ranar da abin ya tashi da aikin da aka yi a ranar, ko da a bayan littafin makarantar yara ne. Likita zai fi amfana da wannan takarda fiye da dogon bayani na baka.

2. Ku busar da amfanin gona sosai kafin ya shiga buhu ko rumbu. A nan ne rabin maganar take. Gero yana nuna tun sama ba ta ɗauke ba, masara ma haka, kuma manomi na sauri ya kawar da kayansa daga gona saboda ɓarayi da dabbobi. Sai a ɗaure dami da sauran laima a zangarniya, ko a jibge masara a tsakar gida a rufe da leda, ta kwana tana gumi. Kwana biyu zuwa uku sun ishi funfuna ta kama.

A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti ko rumfar kara, kada a zube a ƙasa tsirara, domin irin funfunar a cikin ƙasa yake zaune. A baza shi da faɗi, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓar yamma ta sauka. Masana ajiyar hatsi, irin na cibiyar binciken adana amfanin gona da ke da hedikwata a Ilori da reshe a Kano, suna son danshin masara ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari, na gyaɗa kuma ƙasa da haka, wajen kashi 7 zuwa 8. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma akwai gwajin da kowace uwargida za ta iya. A samu kwalba busasshiya mai murfi, a zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙayau, a rufe, a girgiza da kyau, a ajiye kamar minti goma sha biyar, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Gwajin haƙori ma yana nan: ƙwayar da ta bushe takan fashe da ƙara, mai danshi kuwa sai ta lotsa. Gyaɗa a girgiza ta, a ji 'ya'yan suna kaɗawa a cikin kwanso.

Masu turara shinkafa, irin matan Kura da kewayenta, su ƙara kula, domin su da hannunsu suke jiƙa ta. Shinkafar da aka turara aka tara saboda hadari ya taso, a sake baza ta da zarar rana ta fito.

3. Ku raba ɗakin kwana da ɗakin hatsi. Na san dalilin da ya sa ake haɗa su, kuma ba dalilin banza ba ne: wanda aka taɓa fasa wa rumbu ba ya son buhunsa ya yi nisa da kansa. Amma mutum yana shafe sa'a bakwai ko takwas yana numfashi a ɗakin nan, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma. Idan babu yadda za a yi, to aƙalla mai asma da jarirai su koma wani ɗakin. Buhuna su hau kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da bango, iska ta riƙa ratsawa.

Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tun farko don ajiyar wake, yana taimakawa ta fuska biyu: yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba, kuma ƙurar hatsin ba ta fita cikin ɗaki. Sharaɗinsa ɗaya ne, hatsin ya bushe kafin a ɗaure. Wanda ya zuba ɗanye ya ɗaure, ruɓa zai tarar.

Tun da maganar ta zo nan: ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhu don ƙwari aka yi ta, ba ta maye gurbin shanya, kuma iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Kada a taɓa sa ta a ɗakin da ake kwana, ko wanda ke manne da shi.

4. Ranar buɗe rumbu, a cire murfi a ja da baya, a bar shi ya sha iska kafin kowa ya leƙa. Al'adarmu ce a ɗaga yaro a zura shi ciki ya miƙo dami, saboda shi ne ƙofar ke ɗauka. To a zaɓi yaron da ƙirjinsa lafiya lau, a rufe masa hanci da baki, kuma kada ya daɗe. Wanda aka san yana da tari ko asma a ba shi wani aikin, ko da zai yi fushi an hana shi. Kafin sabon hatsi ya shiga, a kwashe ragowar na bara kakaf, a ɗan yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, a bar rumbun a buɗe ya bushe, a toshe tsagar da ruwa ke bi. Zuba sabo a kan tsoho shi ne hanya mafi sauƙi ta gadar wa amfanin bana funfunar bara.

5. Wajen sussuka da shiƙa, a duba inda iska ke kaɗawa. Mai shiƙa ta san wannan tun tana yarinya, domin da iskar take aiki. Abin da ake mantawa shi ne waɗanda ke zaune a inda ƙaiƙayin ke sauka, da goyon da ke bayanta. A sauke jariri a ba wa wata ta riƙe shi can gefen da iska ke fitowa. A yi aikin a fili, nesa da ƙofar ɗaki, a kuma rufe randa da tukwane. Wata funfuna mai suna Alternaria, wadda ke zama a jikin kara da ganyen hatsi, ta fi yawa a iska a busassun ranaku masu iska na lokacin girbi, kuma an san ta da tayar da asma mai tsanani. Injin casa ya sauƙaƙa wa mata wahala, babu musu, sai dai ƙurar da turmi zai tayar a mako shi a sa'a guda yake tayar da ita. Yara kuma ba abin da suke so kamar tsayawa kallonsa. A kore su. Haka yarinya mai asma ba ita ce ta dace da aiken injin niƙa ba.

6. Harawa tana buƙatar kulawar da ake ba hatsi, har ma fiye. Manomi yakan yi ƙoƙari a kan abin da zai ci, ya yi sakaci da abin da tumaki za su ci. Harawar wake ko ta gyaɗa da aka naɗe da ɗanyenta, ko ruwan ƙarshe ya dake ta a kan soro, takan ɗauki zafi daga ciki. Sa hannu a tsakiyar tarin za ka ji ɗumi. A cikin wannan ɗumin funfuna da wasu ƙwayoyin bakteriya masu son zafi ke yaɗuwa, kuma ranar da aka warware ta cikin rani sai wata farar ƙura ta tashi.

Ciwon da wannan ƙura ke jawowa ya bambanta da asma, likitoci suna ce masa huhun manomi. Tun a 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta yadda masu tankaɗe da awon hatsi ke fama da tari da haki, sannan a 1932 wani likita mai suna Campbell ya bayyana ciwon a jikin manoman arewacin Ingila da suka yi aiki da ciyawar da ruwa ya ɓata. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba nan take yake tashi ba. Mutum zai ɗebi harawa da safe lafiya lau, sai bayan sa'a huɗu zuwa takwas zazzaɓi ya rufe shi, da rawar sanyi, da ciwon jiki, da busasshen tari, da haki. A ƙasarmu kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sha maganinsa, kwana biyu ya warware don kansa, a yaba wa maganin. Idan abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, huhu yakan yi tabo, tabon kuma ba ya gogewa. Dattijon da ba ya iya tafiya daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta, alhali bai taɓa shan taba ba, ya kamata a tambaye shi tarihin aikinsa.

Don haka a bar harawa ta bushe a gona kafin a naɗe, a ɗora ta a kan rumfa ko reshen bishiya inda iska ke ratsa ta, a kare ta daga ruwan ƙarshe. Wadda ta riga ta yi fari ko baƙi, a warware ta a fili, iska na bayan mai aikin. Masu yin mazarƙwaila su san cewa tarin tukar rake da ya kwana biyu a jiƙe yana jawo irin wannan ciwo. Masu kaji su riƙa canza ɓuntun shinkafa ko garin katakon da ke ƙasan akurki da zarar ya jiƙe, kuma mai juya takin gargajiya ya jiƙa shi kafin ya sa masa shebur.

7. Takunkumi. Rawani ko gyale da aka naɗe a hanci yana tare ƙaiƙayi da manyan ƙura, ya fi babu, amma irin funfuna yana ratsa shi. Wanda ke aiki shi ne mai lamba N95, wanda mutane suka sani tun zamanin korona, ana samunsa a manyan kemis da wajen masu sayar da kayan gini. Sai ya zauna daram a fuska, a matse ƙarfen da ke kan karan hanci. Gemu mai yawa yana hana shi kamawa, wannan gaskiya ce da masu gemu ya kamata su sani, su ƙara nisantar ƙurar. Ba a wanke shi. Idan ya yi datti ko numfashi ya fara wuya a cikinsa, an gama da shi. 

8. Ku bi ɗakunan kwana da ido da hanci kafin damina da tsakiyarta. Warin gumi da ke tarbar mutum a bakin ƙofa alama ce ko da ba a ga komai ba. A duba bayan gado da bayan kwabar kwanuka, ƙarƙashin ledar ƙasa, jikin azara, silin da ya yi taswirar ruwa, da kusurwar da randa ke zaune. Gyaran yoyo shi ne kan gaba: indararon da ya toshe, yaɓen da ya zaizaye, kwanon da ƙusa ta saki, jinkar da ta ruɓe. Wanda ya goge bango bai gyara rufi ba, mako biyu zai sake gani.

Duk ranar da rana ta fito a cikin Agusta, a fitar da katifa da filo da tabarma da bargo. Katifar soso da yaro ya daɗe yana jiƙawa har ta yi baƙi a ciki ba ta gyaruwa, a haƙura da ita. Kayan sawa kada su shiga akwati ko adaka da sauran danshi. Taga kuma don iska aka yi ta. A sa mata raga saboda sauro, a cire tsumman.

Bangon siminti ko daɓe da ya yi funfuna, a wanke da sabulu da ruwa, sannan a bi da ruwan bilic irin su Hypo ko JIK, kofi ɗaya a cikin lita huɗu na ruwa, ƙofa da taga a buɗe. Kada a haɗa shi da wani maganin wanke bayi, haɗin yana fitar da iska mai guba. Bangon ƙasa kuwa a ɗan jiƙa wurin, a kankare, a sake yaɓe. Mai asma ba shi zai yi wannan aiki ba, kuma kada ya shiga sai ɗakin ya bushe warin ya fita.

9. Hatsin da ya riga ya yi funfuna, kada a kai shi hanci don a tabbatar, kada kuma a hure shi da baki. A tsince wanda ya canza launi a binne. Illarsa ba ta tsaya a ƙirji ba: wani nau'in Aspergillus da ke kama masara da gyaɗa yana fitar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Zuba wa kaji ko shanu ba mafita ba ce, domin gubar tana biyowa ta madara da ƙwai. Manomin masara da gyaɗa ya tambayi malamin gona labarin Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure. Gubar yake ragewa. Shanya tana nan a kan wuyan manomi.

10. Bayan aikin ƙura, a cire kayan a waje, a yi wanka kafin a shiga ɗaki ko a ɗauki yaro. Shaƙa ruwa da facewa irin na alwala yana wanke hanci sosai. Mai yawan toshewar hanci ya tafasa rabin lita na ruwa, ya bar shi ya huce, ya narka ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, ya riƙa shaƙa yana facewa safe da yamma.

11. Ƙirjin da funfuna ta riga ta fusata ba ya jure hayaƙi. Murhun itace a cikin ɗaki, maganin sauro mai hayaƙi, taba, ƙona kara a bayan gida, har da turaren wuta. Uwargida ta yi haƙuri da wannan na ƙarshe: a turara ɗakin lokacin da mai lalurar ba ya nan, a buɗe taga kafin ya dawo.

12. Ku yi hattara da haɗin kemis. Ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ba mai tari sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Suna sauƙaƙa numfashi da sauri, shi ya sa ake komawa, amma shan su wata da watanni ba bisa umarnin likita ba yana kawo hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska da raunin ƙashi, yana kuma raunana garkuwar jiki. Don atishawa da ƙaiƙayin ido, cetirizine ko loratadine sun wadatar. Piriton yana sa barci, mai hawa babur ko aiki da inji ya kiyaye. Wasu masu asma kuma asfirin da ibuprofen suna tayar musu da ciwon.

Sai maganar abin shaƙa, wato inhela. Mutane da yawa suna gudunta, wai wanda ya fara ba ya bari, ko wai alama ce ciwo ya yi nisa. Wannan tsoro ya jawo asarar rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, asmar kuma ta kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda magani bai isa ga mutane ba. Inhela iri biyu ce. Akwai ta buɗe ƙirji idan ya riƙe, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin. Akwai kuma ta kullum mai kwantar da kumburin ciki, irin su beclometasone da budesonide, wadda ita ce ke hana ciwon tashi; maganin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai kuma kai tsaye huhu yake zuwa, a kurkure baki bayan an shaƙa. Wanda ya san watan da ciwonsa ke tashi ya je asibiti tun kafin watan ya kama.

Yaro ba ya iya daidaita fesawa da shaƙa. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada robar lemo mai rabin lita: a huda gindinta daidai bakin inhela, a zura a toshe gefen, yaro ya kama bakin robar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau biyar ko shida. Sun samu tana aiki kamar wadda ake sayarwa. A nemi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi.

13. Tarin da ya kai mako biyu, a je a yi gwajin kaki, ko da an tabbata funfuna ce. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Akwai kuma wani abu da ya kamata wanda ya taɓa yin tarin fuka ya sani: ciwon yakan bar rami a huhu, Aspergillus kuma takan shiga ramin ta yi gida. Mutum ya gama maganinsa na wata shida, bayan shekara ɗaya ko biyu tari ya dawo, da rama, wani lokaci da jini, a gwada kaki ba a ga tarin fuka ba. Irin wannan ya nemi a tura shi sashen ƙirji na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya kuma faɗa wa likita cewa shi manomi ne, ga irin ƙurar da yake shaƙa. Shi da rumbu da ruɓaɓɓiyar harawa kuwa, sai dai daga nesa.

14. Alamomin da ba a jira gari ya waye: mutum ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, leɓɓa ko harshe su canza launi, fatar tsakanin haƙarƙarin yaro tana shigewa ciki, ya kasa shan nono ko ruwa, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali hakin na ƙaruwa. A zaunar da shi, kada a kwantar. A fitar da shi daga ɗakin da abin ya tashi, kada a yi masa hayaƙi ko turare. A ba shi salbutamol fesa ɗaya-ɗaya, tsakaninsu rabin minti zuwa minti guda, har zuwa goma, wani kuma ya tafi neman mota tun a fesa ta farko. Kowane babba a gidan ya san inda inhelar take, kuma lambar mai mota ko mai babur ɗin da za a kira cikin dare ta kasance a wayar mutum fiye da ɗaya.